Na Kai Cebar Baffa Agadas

Kwana biyu da barina gida aka fara yi mini wayo, a Damagaram, kuma har yau in na tuna, haushin kaina ya fi na mutumin yawa. Amma bari in fara faɗin abin da na ɗauko, tunda duk wahalar a kansa take.

Kayana uku ne. Akwai jita ta lantarki da na saya a hannun 'yan gwanjo a Kano. Akwai na'urar da ake haɗa ta da ita, baƙa, tsawonta bai fi kamu ɗaya ba, mai ɗan allo da madannai huɗu na takawa da ƙafa. Sautin jita yana shiga cikinta, ta yi masa kauri ko kaushi ko amsa-kuwwa, sannan ya wuce sifika. Mu a Karaye akwati kawai muke ce mata. Na ukun yana aljihun rigata a naɗe da tsumma, wato cebar Baffa Ɗanjuma, ɗan faifan ƙarfen nan mai zobba da ake sokawa a wuyan gurmi, wanda in an kaɗa tsirkiya yake zuza yana ba kiɗan gishiri.

Baffa ƙanen mahaifina ne, kuma shi ne mai gurmin manoman yankinmu na Zoza. Mahaifina bai so in bi sahunsa ba, ya tura ni makaranta, daga baya na buɗe shagon cajin waya da hayar sifika a Karaye. To abin da ke jini sai ya fito. A wayoyin da ake kawo mini caji na riƙa ganin Buzaye suna kiɗan jita, na dinga kwaikwayo har hannuna ya faɗa. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kashe wa Baffa hannun dama, sai na zauna na ɗora taken manoma a kan jita, gaɓa biyun da kowa ya sani. Gaɓa ta uku, wadda ake ce wa saukarwa, ba ya kaɗa ta sai 'yan gayya sun kai kunyar ƙarshe, kuma bai taɓa koya wa kowa ba. Ni ma ina yaro na ji ta, ta ɓace mini.

Na kai masa kiɗana ina ji da kaina. Ya saurara har na gama.

"Hannunka yana tafiya, Sabi'u," ya ce da rabin baki. "Amma katakon nan naka bebe ne. Ba zan zuba taken ubana a bakin bebe ba."

Ya sa hannun hagu ya zare cebar daga gurminsa ya jefa mini a cinya, ya ce ranar da katakon ya yi magana da ita in dawo. Na ɗaura ta a wuyan jita, ko motsi ba ta yi ba, don jita ba ta da ƙoƙo da fatar da za su girgiza ta, kuma maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi ba ya jin komai sai tsirkiya. Na ce to in koyi gurmin mana. Kwana uku ina fama, ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ajiye masa kayansa.

A bayan akwatin nan akwai ramuka biyu na waya da ban taɓa sa musu komai ba, kuma akwai madanni na huɗu wanda da na taka sai kiɗa ya ɗauke ɗif. Na yi murna da shi ƙwarai. A wurin biki da an ji ladan ya fara kiran salla sai in taka, wuri ya yi tsit, dattawa su ce yaron nan yana da tarbiyya. Amma abin ya tsaya mini a rai. Fitilar allo tana nuna sautin yana shiga, to ina yake tafiya? Masu ɗakunan haɗa waƙa na Kano da na tambaya duk da kwamfuta suke aiki, ɗaya daga cikinsu ya ce in ina son sanin cikin wannan abu in nemi masu jitar Agadas. Da wasa ya faɗa, ni kuwa na ɗauka da gaske.

A kasuwar Damagaram na ga wata rumfa cike da matattun rediyoyi, da wani mutum mai tabarau da ake kira Injiniya. Ya hango jakar jita a bayana ya kira ni da fara'a, har da sa wa a kawo mini ruwa. Na ce a raina in aka dace a nan, me zai kai ni cikin hamada? Ya juya akwatin, ya hura ramukan biyu, ya ce ai irinsa ya gyara ba adadi lokacin da yake Libiya, in bar masa kwana biyu. Na bar masa har da wayoyi da adaftar wuta, na koma tasha ina zaman jira, ina cin ƙosai da kunu safe da rana.

Da na koma ya karɓi abin da ya karɓa, ya gaya mini cikin natsuwa cewa ramukan nan na ɗumama na'ura ne a ƙasashen sanyi, mu nan ba su da amfani. Rabin bayanin da Faransanci ya yi shi, shi ya sa na yarda. Wallahi har godiya na yi masa, na ce Allah ya ƙara basira. Sai da motarmu ta tsaya a Tanut na buɗe jaka neman goro, na ɗaga adaftar na ji ta sakayau kamar kwalin ashana. Tawa ta asali tana da nauyi a hannu. Doguwar wayata mai kyau ma ya canza ta da wata mai ɗaurin roba a tsakiya. Na zauna a bakin titi na rasa wanda zan zaga, wani tsoho mai sayar da dabino ya ga fuskata ya miƙo mini guda uku bai tambaye ni komai ba.

Daga Tanut ƙasa ta fara ƙarewa, haka na gani. Bishiyoyi suka gajarce, suka koma ƙaya, ƙayar ma ta yi ta raguwa. Bazara ce, zafin motar ya sa robar takalmina ta yi laushi. Ni da na tashi ina ganin ruwan madatsar Karaye da gonakin rake, sai na kama kaina ina ƙirga abubuwa masu kore a hanya, na ga mayafin wata mata da jarka ɗaya. Kewar gida ta kama ni sosai. Ba ma mutane na fara tunawa ba, furar matan Tudun Kaya na tuna, mai sanyin ƙwarya, har na ji yawuna ya tsinke.

A wani shingen jandarmomi aka sauke mu da kayanmu. Da suka ga akwati mai allo da madannai sai suka ware ni gefe, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma da ni ne sai na tambaya. Na yi bayani iya iyawata, babu wutar da zan kunna in nuna. Wani babba a cikinsu mai furfura ya laluba aljihuna ya ciro tsumman, ya warware. Ya daɗe yana kallon cebar. Ya kai ta kusa da kunnensa ya girgiza, ya ce a ƙauyensu na wajen Matamaye akwai mai gurmi da yake yi wa 'yan kokawa kiɗa yana yaro, rabonsa da jin wannan ƙara ya manta. Ya naɗe ta da kansa ya mayar mini, ya ba ni ruwan sanyi daga salkarsu, ya kuma ce wa direba a sauko da jitata daga saman mota kada rana ta lanƙwasa ta. A kan cinyata ta ƙarasa Agadas.

Kwana biyu ina tambaya a garin kafin wani mai shayi ya haɗa ni da Agali, wani dogon Buzu mai kiɗan biki, wanda ba ka ganin komai a fuskarsa sai idanu saboda rawani. Hausarsa tana da daɗi, a hankali yake ajiye kowace kalma. Ya ji daga inda na fito da abin da ya kawo ni, ya girgiza kai, ya ce baƙo ba ya kwana a tasha alhali yana da rumfa. Na zama mai ɗaukar masa sifika zuwa gidajen biki, ana ba ni shayi kofi uku a jere da fura mai cuku da dabino, wadda da farko cikina ya ƙi ta, daga baya na fi kowa sha.

Ranar farko da na ga kayan aikinsa gabana ya faɗi. Jita ce, da waya ɗaya, da tsohuwar amfilifaya da batirin mota. Shi ke nan. Duk wannan sauti da nake ji a waya ina zaton na'ura ce, ashe yatsu ne. Na ratsa hamada don in tambayi mutumin da bai taɓa taka irin akwatina ba. Ya ce duk da haka in kunna ya ji. Da na haɗa da adaftar Injiniya sai wani gurnani ya cika rumfar tun kafin in taɓa tsirkiya, da na taɓa kuwa kowane sauti ya dawo sau huɗu yana tuntuɓe da na bayansa. Agali ya saurara da ladabi, sannan ya tambaye ni ko a garinmu cikin rijiya ake kiɗa. Ya ce shi bai san kan wannan abu ba, amma ya san wadda ta sani.

Madam Zainabu ta yi aikin haɗa sauti a gidan rediyo har ta yi ritaya, yanzu ƙanƙara da zoɓo take sayarwa a ƙofar gida. Gajeriya ce mai kaurin murya, tabarau rataye a wuya da zare. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi gida da rana da ciniki, ta amsa duka, sannan ta ce Bakano akwai iya gaisuwa, to in fara sauke mata kulolin ƙanƙara daga amalanke tukuna. Sai da na gama ta shigar da ni da Agali wani ɗaki mai tebur da wayoyi rataye a ƙusoshi, kowace a naɗe tsaf. Ta ji gurnanin sau ɗaya, ta cire adaftar ta jefa a kwandon shara, ta jawo aljihun tebur ta ba ni wata tsohuwa mai nauyi. Gurnani ya mutu. Na ba ta labarin ɗumama na'ura, ba ta yi dariya ba, ta ce Allah ya shirye shi, ni kuma ya ƙara mini wayo.

Ta sa tabarau ta duba allon. Ashe abin da nake gani kamar 'yan akwatuna a jere hanya ce, sauti yana shiga ta hagu yana ratsa su ɗaya bayan ɗaya har ya fita ta dama, kuma ana iya ɗaga kowanne a canza masa wuri. Ni shekara biyu ban san suna motsi ba. Ta ga amsa-kuwwa har guda uku a farkon layi, gaba da mai kaushi da mai kauri.

"Wa ya yi wannan ɓarnar?" ta ce.

Na ce ni ne, Mama. Na yi mata bayani cewa a wajenmu in mai sanarwa ya ce jama'a, kalmar ba ta dawo sau huɗu ba, mai biki zai ce an kawo masa kayan banza. Eko, wato amsa-kuwwar nan, shi ne mutuncin mai sifika, shi ya sa nake fara zuba shi kafin komai. Ta ce to a gidanmu ana zuba man shanu a tukunya kafin a tuƙa tuwo ne? Ta goge biyu, ta ja na ukun zuwa ƙarshen layi, ta rage shi. Na kaɗa tsirkiya ɗaya na ji ta fito fes, inuwarta na biye da ita a baya ba ta taka ta ba. Kunya da daɗi suka kama ni lokaci guda.

Sannan na nuna mata madanni na huɗu, na gaya mata aikin da yake yi mini lokacin kiran salla. A nan ne ta yi dariya, har ta cire tabarau tana share ido, Agali ma kafaɗunsa suna rawa a ƙarƙashin rawani. Ta ɗauko waya ta soka a ramin farko na baya, ɗaya bakin ta kai shi jikin wata ƙaramar sifika a kan tebur, ta ce in kaɗa in taka. Na taka. Babbar sifika ta yi shiru yadda ta saba, sai ga kiɗana yana fitowa daga ƙaramar, siriri, lafiyarsa ƙalau. Ashe duk ranar da ladan ya kira salla na taka, ba kashe sautin nake ba, aikensa nake yi, yana fita ta wannan ƙofa ya rasa hanyar dawowa.

Ta ce ramin farko ƙofar fita ne, na biyu ƙofar dawowa. Kamar kai niƙa ne, hatsi ya bar gida, a yi masa aiki a waje, ya dawo ya shiga tukunya. Masu kuɗi suna sa wata na'urar a tsakanin ƙofofin biyu, wadda babu irinta a cikin akwatin. Ta nuna mini cewa ita ma wannan ƙofa tana da ɗan akwatinta a allo, ana iya ajiye ta ko'ina a layi, kuma akwai ma'aunin yawan abin da zai fita da na abin da zai dawo. Na yi ta juya maganar a kaina. Na ce Mama, dole ne abin da ke tsakani ya zama na'ura? Ta ce duk abin da sauti zai shiga ya fito ya isa. Sai na ciro tsumman Baffa.

Da na faɗi abin da nake nufi ta dube ni kamar na ce a zuba yashi a miya. Ina so a aika sautin zuwa ƙaramar sifika, a ɗora cebar a kanta ta girgiza, a sa makirfo ya ɗauko zuzar ya mayar ta ƙofar dawowa. Ta ce ita duk rayuwarta a gidan rediyo korar irin wannan ƙara take yi, in ta ji ta a cikin shiri sai an nemo ƙusar da ta kwance. Agali ne ya karɓi cebar ya juya ta, ya ce molon kakansa ma yana da irinta, su ne 'yan zamani suka yar. Washegari ya zo da wata tsohuwar rediyonsa mai ramin shigar sauti, ya ce in ta yi amfani tawa ce. Madam ta ce ita dai don ta ga ƙarshen haukan za ta taya ni.

Mako guda muka yi, kullum daga hantsi zuwa azahar, bayan na sauke ƙanƙara. Gwajin farko makirfo ya jiyo babbar sifika, sauti ya dinga zagayawa yana cin kansa, aka yi wata ƙara da ta kori awakin maƙwabta. Madam ta fita ta dawo da wata kular ƙanƙara da murfinta ya tsage, muka kwantar da rediyon a ciki fuskarta sama, muka ɗaure cebar a kan ragar sifikar da roba, muka rataya makirfo, muka rufe. Ihu ya ɗauke. Amma yanzu duk kiɗan ta cikin kular yake bi, ya dawo kamar ana kaɗa gwangwani, taken ya ɓace cikin zuza. Ta shiga cikin allo ta canza wa ƙofar tsari, maimakon dukan sauti ya fita, sai ya rabu biyu, rabi ya miƙe hanyarsa, rabi ya je wajen ceba, su haɗu a gaba. Da suka haɗu kuma sai sautin ya rame, kamar ɗaya yana cinye ɗaya. Ta yi tsaki ta buɗe bayan rediyon, ta musanya wayoyi biyun da ke jikin sifikar. Ta ce da ɗaya yana turawa ɗaya yana ja ne, yanzu tare suke tafiya. Ni dai na ji kiɗan ya cika.

Ana cikin haka Inna Rabi, matar Baffa, ta kira ni. Bayan gaisuwa ta ce an yi ruwan shuka a gida. Na ce Inna, yaya jikin nasa? Ta ce da sauƙi, irin da sauƙin da ake faɗa, amma harshensa ya ƙara nauyi, wani lokaci sai ita kaɗai ke gane abin da yake cewa. Ban iya cin abincin rana ba. In bakin ya rufe kafin in koma, saukarwa ta tafi ke nan, kuma ni ne na tsaya wasa da wayoyi a ƙasar mutane.

Saura abu ɗaya ya hana ni tafiya. Cebar tana zuza, amma da tsirkiya ta fara lafawa sai a datse ta kamar an sa almakashi. A hannun Baffa ba haka take ba, tana jan wutsiya. Na faɗa, Madam ta ce kunnena ne. Na nace. Na bi layin allo da yatsa, yanzu na iya karanta shi, na ga wani ɗan akwati da ban sa ba, daidai bayan ƙofar dawowa. Ta ce mai gadi ne, aikinsa in sauti ya yi ƙasa ya rufe ƙofa don kada datti ya wuce, kuma ita ba ta taɓa haɗa layi babu shi ba.

"Mama, dattin nan shi na zo nema," na ce. "A kan wutsiyar nan manomi yake ɗaga garma. In an yanke ta, bai san lokacin da zai sauke ba."

Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Sannan ta ja mai gadin ta kai shi can farkon layi, bakin shigowar jita, inda ba ruwansa da ceba. Na kaɗa gaɓar farko ta taken manoma. Wallahi sai ga Zoza a cikin ɗakin nan, har ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na ji a hancina. Na kasa ƙarasawa. Madam ta ce har yanzu a kunnenta ƙara ce, amma ƙara ce mai tarbiyya. Ta zana mini layin duka a bayan kwalin shayi, ta ce kular ma in tafi da ita. Agali ya so in tsaya mu zaga bukukuwa da wannan sabon sauti, na ba shi haƙuri, ya raka ni tasha da ƙullin cuku na kai wa tsoho.

Da hantsi na isa gida, gero ya fara tsirowa. Baffa yana kan tabarma a gindin mangwaron ƙofar gida, ya rame, an jingina shi da matashi. Na gaishe shi ya amsa da kai. Maƙwabta suka ga kula suka zaci ƙanƙara na kawo tsaraba. Na haɗa batir, na soka wayoyi biyu a ramukan ɗumama na'ura, na taka madanni na huɗu, na kaɗa gaɓa ta farko da ta biyu.

Baffa ya nuna kular da haɓa, na jawo ta gabansa na buɗe. Ya leƙa ya ga cebarsa a kan tsohuwar rediyo, ya sa hannun hagu ya fincike robar, ya ɗauke abarsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk hamadar nan da na ratsa ta dawo mini a ƙirji.

Ya yi wa Inna Rabi wata magana da ban gane ba, ta shiga ta fito da gurmin. Da haƙori da hannu ɗaya ya kwance siririn tsinken fatar da ke wuyan gurmin, wanda tun ina yaro nake ganinsa a wurin. Ya mayar da cebar kan ragar rediyon, ya zura fatar, ya nuna mini in ƙulla, da na ja da ƙarfi ya buge mini hannu har sai da na sassauta.

"Roba tana shaƙe ta," ya ce. Wannan kam na ji shi sarai.

Na rufe kular na kaɗa. Wutsiyar ta ƙara tsawo, ta yi laushi, abin da ni da Madam da allonmu duk ba mu gano ba. Na kai ƙarshen gaɓa ta biyu zan tsaya, sai na ji wani sauti daga ƙirjin Baffa, ba kalmomi, gunji kawai, yana hawa yana sauka, ashe saukarwa ce. Inna Rabi ta sa gefen mayafi a baki. Na bi shi da yatsu a hankali, na kuskure, ya doke ni a gwiwa, ya sake. Na kuma kuskurewa, ya kuma dukana. Ina da gemu ana dukana a gaban jama'a, kuma ban taɓa jin daɗin duka irin na ranar ba.

Muna kan haka ladan ya kira azahar. Ƙafata ta nufi madanni na huɗu da kanta, na tuna yanzu ba shiru ne a bayansa ba, na sa hannu na rage murya. Na fara naɗe waya, Baffa ya riƙe mini wuyan hannu.

"Bar ta a haɗe," ya ce. "In mun idar, daga farko."